Mai Tukunya da Littafi na Sha Bakwai

Kowace safiya, idan tukunyar ta huce, sai ta ɓamɓare ɗan tef ɗin da ta manna a jikin kaya, ta liƙa shi a littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Tef ne mai ratsi fari-fari, in ya sha zafi sai ratsin ya koma baƙi. A gefensa takan rubuta kwanan wata, sannan harafi ɗaya: G idan a gwangwani ta dafa kayan ranar, F idan a faranti ne. Ba wanda ya sa ta. Ba kuma wanda ya taɓa neman ganin littafin, sai bayan shekara ashirin da shida.

Mai Tukunya ake ce mata, har sunan ya bi ta gida. A ƙaramin asibitin haƙori take aiki, mai kujera biyu da likita ɗaya. Ɗakinta yana can baya, bayan ɗakin ajiya, da taga guda mai kallon katanga. Akwai famfo, da buroshi uku, da teburin ƙarfe, sai kuma tukunyar tururi mai ƙafa uku, mai murfi da kunnuwa shida da ake murɗawa. Duk abin da zai shiga bakin mutum sai ya bi ta hannunta tukuna: filayar cire haƙori, ɗan madubi, tsinken ƙarfe, almakashi, da audugar da ake cusawa a gurbin haƙori. Ta wanke, ta goge, ta jera, ta dafa. Ba a cika shigowa ɗakin ba, saboda zafi. Nas takan tsaya daga bakin ƙofa ta miƙo hannu, ita kuma ta miƙa mata.

Wani dattijo ne ya koya mata aikin, Baba Dogo, cikin kwana biyun da suka rage masa kafin ya ajiye aiki. Ranar farko babu wuta, sai ya nuna mata wanki kawai. Rana ta biyu an aike ta karɓo rigar aiki, ko da ta dawo ya riga ya ɗora tukunya. Abin da ta gani da idonta shi ne saukewa. Ya zaro gwangwanin, wani mai ƙyalli da ƙananan ƙofofi jere a gefensa, da ɗamarar ƙarfe da ake zamewa ta rufe su. Ya ja ɗamarar da sauri, ƙofofin suka rufe, ya dube ta ta saman tabarau.

“Kin ga ƙofofin nan? Ta nan cuta ke shiga. Kada in ji labarin an gan su a buɗe.”

“In Allah ya yarda ba za ka ji ba, Baba.”

Bai kuwa ji ba. Mace ce mai riƙe magana. Tun daga ranar, in ta jera kaya a gwangwani sai ta ja ɗamarar ta rufe ruf, ta manna tef a waje, ta sa a tukunya. A rufe yake shiga, a rufe yake fita. Ranar da kaya ba yawa, kamar Asabar da ake rabin rana, ba ta wahalar da gwangwani, sai ta baza su a buɗaɗɗen faranti. Amma zuciyarta ba ta cika kwanciya da farantin ba. Gani take kamar ta bar kaya tsirara.

Likitoci huɗu ta yi aiki da su, kowa ya yaba. Na biyun har cewa yake, “Audugarki dai a bushe take fitowa ƙayau, kamar ba ta ga tururi ba. Yaya kike yi?” Sai ta yi murmushi ta ce hannu ne.

Mijinta tela ne, yana da shago a bakin titi, keke ɗaya da madubi dogo. Mutum ne mai barkwanci, mai tsoron allura duk da da ita yake cin abinci. A shekararta ta sha bakwai a wurin aiki turmin haƙorinsa na ƙasa ya lalace. Wata uku yana tauna da gefe guda, yana cusa kanumfari, yana ɗaure kai da ƙyallen da ya rage daga ɗinki. Wata rana da yamma ya shigo gida yana cewa ya samu mafita. Akwai wani mai cire haƙori a bayan tasha, ba allura, ba layi, kafin ka ce wash an gama.

“Wanda yake goge filayarsa a jikin wandonsa?” in ji ta.

“Wandon ai wankakke ne. Ni na ɗinka masa.”

“Malam, ina dafa kayan mutanen gari shekara da shekaru, sannan mijina ya je ya buɗe baki a bayan tasha? Da wane ido zan kalli Likita?”

“Da wanda kike hararata da shi, ai yana aiki.”

“Ranar Asabar za ka zo. Da hannuna zan wanke naka.”

“To, ranki ya daɗe. In na mutu a kujerar nan, ki gaya wa mai ɗinkin ɗaurin aure wandonsa yana ƙarƙashin keke, saura kalmasa.”

Ta jefe shi da murfin kwano, 'yarsu tana dariya daga ɗaki.

Ya zo ranar Asabar. Ta roƙi Nas aka tsallake da shi layi, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Minti ashirin aka gama. Ya fito da auduga a baki, yana yi mata alama da hannu cewa ashe ba zafi. Kwana uku bayan haka muƙamuƙinsa ya kumbura. Ya ce zai sauka. A kwana na biyar kumburin ya gangara ƙarƙashin haɓa, ya yi tauri kamar katako, harshensa ya taso, yawu ma ya gagara haɗiya. Aka kai shi babban asibiti. A kwana na tara, da hantsi, aka ce ta fito waje tukuna.

Likitocin can sun ce yakan faru. Haƙorin ya daɗe da ruɓewa, in ji su, wataƙila cutar tana ciki tun kafin a taɓa shi. Ta karɓi wannan magana ta riƙe ta shekara tara. Da ta koma aiki bayan takaba, ta ƙara buroshi na huɗu, kuma takan duba ɗamarar gwangwani sau biyu kafin ta rufe tukunya.

A shekararta ta ashirin da shida wasu masu bincike suka zo daga makarantar koyon likitanci. Suna zagaya ƙananan asibitocin haƙori, suna son sanin me ya sa wasu ke dawowa da kumburi bayan an cire musu haƙori. Suka duba rajista, suka ɗebi ruwan famfo, suka kalli yadda Likita ke wanke hannu. Wadda aka turo ɗakin baya wata matashiya ce mai sanyin murya, da farin takalmi. Ita ce mutum ta farko cikin shekaru da ta shigo har ciki ta nemi wurin zama.

“Mama, ɗakin nan naki ya fi ɗakin tiyatarmu tsabta.”

“Kin dai zo da zaƙin baki, 'yata. Zauna nan, can akwai zafi.”

Matashiyar ta fito da wasu 'yan kwalabe biyu, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba, da ruwa shunayya a ciki. Ta ce akwai ƙwayoyin cuta masu taurin kai a cikinsu, irin waɗanda ba abin da ke kashe su sai tururi ya ratsa su sosai. Za a dafa su tare da kaya, a ajiye su kwana biyu a wuri mai ɗumi. In sun mutu, ruwan zai zauna yadda yake. In da sauran rai, zai koma rawaya. Ta ba ta ta sa ɗaya a cikin gwangwani, ɗaya a kan faranti, sai aka kira ta gaba ta fita.

Mai Tukunya ta ja ɗamara ta rufe, ta manna tef, ta murɗa kunnuwa shida. Ratsin ya fito baƙi wuluk, kamar kullum.

Bayan kwana biyu matashiyar ta dawo. Ba ta zauna ba. Ta ajiye kwalaben a kan teburin ƙarfe, ta faranti shunayya, ta gwangwani rawaya kamar ƙwanduwar ƙwai.

“Mama, ina son ki ɗora tukunya ina kallo. Yadda kika saba, kada ki canza komai.”

Ta jera filaya, ta jera auduga, ta rufe murfin gwangwani. Ta kai hannu ga ɗamara ta ja. Sai ta ji yarinyar ta ja numfashi.

“Tun yaushe kike rufewa kafin ki sa?”

“Tun kafin a haife ki. Ta nan cuta ke shiga.”

“Haka ne, Mama. Bayan an sauke.” Ta nuna ɗamarar da yatsa. “Amma ta nan ne kuma tururi ke shiga. A buɗe ake sa shi. In an sauke sai a rufe.”

Famfo yana ɗiga a cikin kwano. Mai Tukunya ta dubi littafin bana da ke kan taga.

“Tef ɗin fa? Bai taɓa fitowa fari ba. Ko sau ɗaya.”

“A waje yake. Shi abin da ya gani yake faɗa, ya ga zafi a waje. Bai san abin da ke ciki ba.”

“Audugata a bushe take fitowa,” in ji ta a hankali, ba da yarinyar take ba.

Matashiyar ta kama hannunta. Ta ce wankin da take yi da buroshi shi kaɗai yana kawar da mafi yawan cuta. Ta ce zafin ma yana kashe da yawa ko da tururi bai shiga ba. Ta ce ba laifinta ba ne, laifin wanda ya ba mutum tukunya ne bai koya masa ba, kuma sun ga irin wannan a wani asibitin. Duk Mai Tukunya ta ji. Ta zare hannunta, ta zame ɗamarar baya. Ƙofofin suka buɗe, sai da ta yi da ƙarfi don wajen ya cije. Ta sa gwangwanin a tukunya haka, ta tsaya tana kallonsa kamar baƙo.

Da matashiyar ta ga littattafan, ashirin da shida a cikin kwalin sabulu a ƙarƙashin tebur, sai ta durƙusa tana buɗa su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ba su taɓa samun irin wannan a ko'ina ba. Da su za a iya ɗora ranakun G da ranakun F a kan rajistar marasa lafiya, a ga ranar da aka fi dawowa da kumburi. Ta roƙa a ara mata. Mai Tukunya ta ce ta dawo gobe. Da ta dawo, aka ba ta kwali.

“Mama, ashirin da biyar na ƙirga. Babu na sha bakwai.”

“Ruwa ya ci shi.”

Yarinyar ta dubi sauran littattafan, busassu, ko tabo babu. Ta ce to, Allah ya kyauta, ta ɗauki kwalin.

Wata huɗu aka yi kafin sakamako ya fito. Ba a ambaci sunanta ba, ba a ambaci na asibitin ba. Matashiyar ta zo da kanta ta mayar da littattafan, ta karanta mata abin da ya shafe ta. Masu dawowa da kumburi sun fi yawa a ranakun gwangwani. Ba da yawa sosai ba, amma sun fi. A ranakun faranti ma ana samu, don wani da cutarsa yake zuwa.

“To in aka ɗauki mutum ɗaya,” in ji Mai Tukunya, tana goge teburin da ta riga ta goge, “mutum ɗaya tak, aka ce ranar G aka cire masa. Za a ce gwangwanin ne?”

“Ba za a iya cewa ba, Mama. Bincike yana magana ne a kan mutane da yawa. A kan mutum ɗaya ba ya iya rantsuwa.”

“In kuma ranar F ce?”

“In F ce, kayan da aka taɓa shi da su tsarkakakku ne. Wannan kam zan iya rantse miki.”

Ta gyaɗa kai. Ta raka ta har bakin ƙofa, ta ce ta gaida mutanen gida.

Ba a kore ta ba. Likita ya kira ta ya ce kowa yana kuskure, har ya ce littattafanta sun yi wa mutane amfani. Aka kawo sabuwar na'ura mai maɓalli da ƙara, aka liƙa takarda a bango mai matakai goma. Nas ta fara shigowa ɗakin, wai ɗaukar almakashi, idonta yana kan ƙofofin gwangwani. Ba wanda ya yi mata gori. Da an yi, wataƙila da ta samu abin da za ta mayar wa martani. Kafin shekara ta zagayo ta ce gwiwa ta dame ta, ta ajiye aiki. Ta bar buroshinta huɗu a jere, ta ɗauki kwalinta.

A gidan 'yarta ta zauna, a ɗakin da ke kusa da kicin, inda aka jingina tsohon keken ɗinkin mijinta an lulluɓe shi da zane. Na sha bakwai yana cikin aljihun keken tun ranar da ta ce ruwa ya ci shi. Ta ciro shi ta mayar cikin 'yan'uwansa, a wurinsa.

Abin da ta sani game da waccan Asabar ba shi da yawa, kuma kullum tana juya shi. Asabar ce, rabin rana, kaya ba yawa, ranar faranti ke nan. Amma ta tuna ta ware nasa daban, ta wanke sau biyu, ta ɗaga filayar a hasken taga tana dubawa. Ta kuma san halinta. Mutumin da take so, da wuya ta bar kayansa tsirara a faranti alhali ga gwangwani mai rufi. Daga nan tunaninta yake tsayawa. Hannunta ta gani yana wanki, ba ta ga inda ya ajiye ba. Harafi ɗaya ne, kuma da hannunta ta rubuta shi.

Ta sa aka sayo mata jan biro. Bayan sallar la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ta sa tabarau, ta ɗauko littafi na ɗaya. Duk inda ta ga G sai ta ɗiga ja a gefensa, ta ɗan motsa leɓe tana nema wa waɗanda suka zauna a kujera ranar sauƙi, ita kuma gafara. Ba ta san sunayensu ba. Wani lokaci takan tuna fuska: mai gyaran rediyon da ya dawo da kunci kamar ya ɓoye lemo, matar da ta zo da goyo tana kuka ba ta iya buɗe baki. Da can takan ce a ranta ba su bi dokar da aka ba su ba, sun kurkure baki da wuri.

'Yarta ta gane abin da ake nema tun a littafi na uku. Wata rana ta ajiye tsintsiya ta durƙusa kusa da ita.

“Mama, kin san watan, kin san ranar. Buɗe shafin kawai ki huta. Ko ki ba ni in duba miki, in F ce in gaya miki.”

“In kika yi shiru kuma fa?”

'Yar ta miƙa hannu ga kwalin.

“Bar shi,” in ji Mai Tukunya. “Akwai mutane a gabansa. Sau ɗaya na tsallake da shi layi.”

Da farko takan gama wata guda a zama ɗaya. Littafi goma suka wuce kafin shekara. Daga na sha huɗu ta koma mako guda a zama. Ta ce idonta ne. Aka kai ta aka canza mata tabarau, saurin bai ƙaru ba. Da ta shiga na sha bakwai sai ta koma kwana ɗaya a zama, wani lokacin ta buɗe ta dubi tef guda har rana ta faɗi ba ta ɗiga komai ba. Wata rana ta ce biron ya bushe. Aka sayo wani. Ta ce jan wannan bai yi mata ba.

Ba ta ƙara shiga asibitin haƙori ba. Nata haƙoran suka fara girgiɗi, biyu suka fita da kansu, ta nannaɗe su a takarda. Idan jikokinta za su kwanta takan tambaya ko sun goge baki, amma ba ta ƙara cewa a kawo ta duba. Kwanonin gidan ma ta daina wankewa. In 'yarta ta ce, “Mama, ke da kika fi kowa iya wanki,” sai ta dubi tafin hannunta ta ce ruwan ya yi mata sanyi.

Matashiyar ta zo gaishe ta sau ɗaya, ta zama cikakkiyar likita. Ta ce yanzu a asibitoci da dama an koya wa masu tukunya buɗe ƙofofi, kuma ana sa tef a ciki, ba a waje kaɗai ba. Ta ce da littattafanta aka shawo kan manya. Mai Tukunya ta ce madalla, Allah ya yi albarka. Na sha bakwai yana kan cinyarta, lambarsa a rubuce a bangonsa, busasshe. Likitar ta gani. Ta yi maganar zafin gari, ta tashi.

Ranar wata Laraba 'yarta ta fito da shanya ta same ta a jingine da bango, tabarau ya zamo kan hanci. Ta yi magana sau biyu kafin ta ajiye bokitin.

Bayan an share makoki, tana kwashe tabarmar, ta ga littafin a inda ya zame. Jan biron yana ciki, ya tokare shafi. Ɗigon ƙarshe yana kan Alhamis. Juma'a tana ƙasa da shi, G ce, ba a ɗiga mata ba. Asabar ɗin mahaifinta tana bayan takardar, har ana ganin inuwar tef ɗinta ta cikin shafin.

Ta daɗe a tsaye da shi a hannu. Daga kicin aka kira ta, wai ruwa ya tafasa. Ta rufe littafin da biron a ciki, ta ja aljihun keken ɗinki ta sa shi, ta mayar da zanen ta lulluɓe.